Ni Ɗin Cikin Labari

"Wallahi ka sake taɓa mini layin nan da jan bironka, mun ɓata!"

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya gyara zaman gilashinsa, ya sake shata ja a ƙarƙashin jimlar da na kwana biyu ina lallaɓawa.

"Wannan jimla ce ko layin dogo? Wanda ya karanta ta a numfashi ɗaya sai dai a kwashe shi zuwa asibiti."

"Malamarmu Dakta ma ba ta ce komai a kanta ba!"

"Dakta maki take bayarwa. Ni kuma mutuncin mujalla nake karewa."

"Mujallar da kai da abokanka kaɗai kuke karanta abarku?"

Sai a lokacin ya ɗago, ya yi murmushin nan nasa da yake kashe mini baki. "Har da ke, Waƙafi. Kin manta da kanki."

Haka yake kirana, wai don ba na iya jera kalmomi biyar ban jefa waƙafi a tsakaninsu ba. Ni kuma na rama, na laƙaba masa Jan Biro, sunan kuwa ya bi shi har malamai suka ɗauka. Shi ne editan mujallar sashenmu na Turanci a kwaleji, yana shekarar ƙarshe, ni ina biye da shi. Ofishin mujallar wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin bene. Fankarsa ta fi ba da ƙara a kan iska, teburin kuma da tsohon ƙamus aka tallafi ƙafarsa ɗaya. A nan muka fara faɗa ranar da na kai masa rubutuna na farko, a nan kuma faɗan ya rikiɗe ya zama wani abu daban. Ni dai na wayi gari na ga ina son mutumin da ya fi kowa ɓata mini takarda.

Ba a ɓoye muke ba. Ya je ya gaishe da Baba a shagonsa na gyaran agogo. Baba ya ƙare masa kallo, ya ce ya ciro agogon hannunsa, ya buɗe shi, ya gyara masa jinkirin da yake yi, sannan ya miƙa masa ya ce, "Mai zuwa gidana ba ya makara." A wajen Baba wannan ba ƙaramar amincewa ba ce. Aka tsayar da magana a kan idan ya gama karatu iyayensa za su zo.

Labarin da muke faɗa a kansa kuwa aikin aji ne. Dakta, malamarmu ta rubutun labari, ita ta ba mu.

"Kowa ya rubuta labari da bakin wani," in ji ta. "Ku ce ni, amma kada ni ɗin ya zama ku. Wanda ya rubuto mini kansa zan gane, kuma sifili zan ba shi da hannu bibbiyu."

Ni sai na zama wata yarinya da ubanta ya watsar da su, ya tafi ya bar ta da uwa mara lafiya a ɗakin haya. Layin farko ma cewa yake, na tsani ubana, kuma ba na neman afuwar kowa a kan haka. A tsakiyar labarin yarinyar ta tattara kayanta ta bi wani saurayi. Dakta ta ba ni makin da ba ta saba bayarwa ba, ta ce a sa labarin a shafin farko na mujalla, har da hotona.

Jan Biro ya ajiye biron, ya jingina da kujera.

"Tambaya ɗaya, gimbiya. Uban nan na cikin labari... yana jan ƙafar hagu. Yana goge gilashinsa da gefen riga. Sai ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya yi magana. Kamar na taɓa gaishe shi a wani shago."

"Aro na yi."

"Kin tambayi mai kayan?"

"Kai dai ka cika tsoro! Ina Baba ina karanta labarin Turanci? Turancinsa na bayan agogo ne. Hoton kawai zai gani ya ji daɗi."

"To, masoyiya. Ni dai na faɗa."

Na yi masa gwalo na fice. Kaina ya kumbura a kwanakin nan, ba na jin maganar kowa.

Da mujallar ta fito, da safe na miƙa wa Baba yana shirin fita. Ya karɓa da hannu biyu, ya goge gilashinsa, ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton. Yatsansa ya bi sunana harafi bayan harafi har ya iso kan nasa sunan da ke biye.

"Uwata ce a nan?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun ina zanin goyo da wannan yake kirana.

"Ni ce, Baba."

"A shafin farko?"

"Na farko, Baba!"

Ya ɗaga murya. "Fito ki ga abin da uwata ta yi!"

Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ai na san za a rina. Yau babu mai shan ruwa a unguwar nan sai ya ji labari."

Na yi niyyar in zauna da yamma in fassara masa a tsanake, in yi masa bayanin yadda aikin yake. Amma ina da gwaji a ranar, na makara, sai na bar shi yana saka mujallar a jakar kayan aikinsa.

Abin da ya faru a shago daga baya Umma ta ba ni labari. Akwai benci a ƙofar shagon Baba inda abokansa suke zama, tela da mai kantin magani da wani tsohon akawu da ya yi ritaya, wanda ba ya gaisuwa sai ya haɗa da Turanci. Baba ya sayi lemo ya raba wa kowa, har masu wucewa ya tsayar. Ya miƙa wa Akawu mujallar ya ce ya karanta ya fassara wa jama'a, su ji abin da 'yarsa ta rubuta.

Akawu ya karanta layin farko a zuci, ya ɗago ya dubi Baba.

"Karanta mana!" in ji Baba.

"Ta ce... ta ce ta tsani ubanta."

Aka yi dariya, an ɗauka tsokana ce irin ta Akawu. Ya ci gaba. Da ya zo kan ƙafar hagu, dariyar ta ɗauke, idon kowa ya sauka kan ƙafar Baba. Da ya zo kan gilashi da gefen riga, tela ya tuna yana da ɗinki. Da ya zo inda yarinyar ta bi saurayi, Baba ya miƙa hannu ya karɓe mujallar. A ƙasan shafin ga sunan edita ɓaro-ɓaro. Ya rufe shago da rana tsaka ya dawo gida.

Na shigo da yamma da fara'ata, na same shi a falo, mujallar na kan cinyarsa. Umma na tsaye a jikin ƙofa ta rafka tagumi.

"Ke," ya ce. "Zauna."

Na zauna. Ban taɓa jin ke tsurarta daga bakinsa ba.

"Me na yi miki?"

"Baba..."

"Tambayarki nake. Me na yi miki da ba za ki faɗa mini a ɗakin nan ba, sai kin buga a takarda duniya ta karanta?"

"Baba, wallahi ba ni ba ce!"

"Hoton wa? Sunan wa?"

"Nawa ne, amma mai maganar a ciki wata ce daban, ƙirƙirarta na yi..."

Ya buɗe shafin, ya ɗora yatsa a kan kalmar nan ta Turanci mai harafi ɗaya tak, wadda take tsaye kamar sanda. "Turancina kaɗan ne, na yarda. Amma wannan tun ajin farko aka koya mini ita. Ni take nufi. Ko an canza mata ma'ana bayan na bar makaranta?"

"Ba a canza ba, Baba, amma a cikin labari..."

"Ƙafar nan fa? Ita ma ƙirƙirarta kika yi?" Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Kin san inda na samo ta. Kina kafaɗata, zazzaɓi ya sa kin sanƙare, ina gudu zan kai ki asibiti mai babur ya kwashe ni. Ban bari ko yatsanki ya taɓa ƙasa ba. Ita kika ɗauka kika ba wa mutumin da ya gudu ya bar iyalinsa."

Na fashe da kuka. Duk Turancin da na haddace, duk sunayen dabarun rubutu da nake taƙama da su, babu ɗaya da ya zo ya cece ni.

"Makarantar da take koya wa 'ya ta zagi ubanta, kin gama ta daga yau. Shi kuma wancan da ya karanta, ya sa hannu, ya buga, kada in sake ganin ƙafarsa a ƙofata."

"Malam, ka dai..." Umma ta fara.

"Na gama magana."

Haka na zauna a gida, jarrabawar ƙarshen shekara na matsowa. Idan ban zauna ta ba, shekarar ta tafi, kuma na san idan Baba ya rufe ƙofa ba ya waiwaye. Ga karatu zai suɓuce, ga wanda nake so an kore shi.

"Ke ma dai da neman magana," in ji Umma muna wanke-wanke. "Duk ƙafafun duniya ki rasa wadda za ki ara sai ta ubanki?"

"Umma, ke kin yarda ba shi nake nufi ba?"

"Ni ai ina jin wasan kwaikwayo a rediyo, na san mai kukan mutuwar miji tana tashi daga aiki gidan mijinta take komawa. Amma ubanki agogo ya sani. A wajensa abin da fuska ta nuna, shi ne abin da ke ciki."

Jan Biro ya je shago ya durƙusa, Baba ya ci gaba da aikinsa kamar ba a yi sallama ba. Da Jan Biro ya kira ni a waya muryarsa duk ta dishe.

"Laifina ne, Waƙafi. Da na soke layukan nan."

"Ka faɗa, ni ce ban ji ba."

"Kina cin abinci kuwa?"

"Ka bar zancen abinci... idan Baba bai sauko ba fa?"

"Zan jira."

"Har yaushe?"

"Har ya sauko. Ina zan je? Wa zan samu mai rubuta jimla kamar layin dogo?"

Na yi dariya ina hawaye.

Amma ba rashin makaranta ne ya fi ci mini rai ba. Baba ya daina gyaran murya kafin ya yi magana. Idan zai wuce ta gabana sai in ga yana dagewa ya daidaita tafiyarsa, yana cije baki, don kada in ga ƙafar tana ja. Ranar da na fara lura da haka, ɗaki na shige na toshe bakina da filo. Na sa ubana yana jin kunyar tafiyarsa a cikin gidansa.

Ban san me Umma ta yi ta faɗa masa ba. Wata safiya dai ya tsaya a ƙofar ɗakina sanye da rigarsa ta zuwa taro.

"Shirya. Za mu je in karɓo takardunki. Kuma ina so in ga matar da take koya muku wannan abin da idona."

Umma ta bi ni da kallo, ta ɗan kashe mini ido ɗaya.

Muka tarar ofishin Dakta a kulle, aka ce tana aji. Baba ba mai jira ba ne, ya ce in nuna masa ajin. Muna shiga kowa ya yi tsit. Jan Biro na zaune a baya, ya zo karɓar rubuce-rubucen fitowa ta gaba, yana ganin Baba ya miƙe tsaye har littattafansa suka zube.

Dakta 'yar gajeruwa ce, amma ko shugaban sashe ba ya ja da ita. Ta dube ni, ta dubi Baba, ta rusuna.

"Sannu da zuwa, Baba. Na san abin da ya kawo ka, an gaya mini. Alfarma ɗaya nake nema. Ka zauna da mu har a tashi daga ajin nan. Bayan nan takardunta suna hannunka, ba zan yi musu ba."

Ta jawo masa kujerarta. Baba ya zauna a ɗofane, fuskar nan babu annuri.

"Waɗanda ba su karanta aikinsu ba, yau za su karanta," in ji Dakta. "Muna da babban baƙo, saboda haka muna buƙatar tafinta. Jan Biro, fito."

Ya fito yana haɗa gumi. Ya tsaya nesa da Baba gwargwadon yadda ajin ya ba shi dama.

Wanda aka fara kira shi ne Ƙato, mai tsaron ragar ƙungiyar ƙwallon kwaleji, gemunsa har ƙirji. Ya buɗe takarda, ya karanto da muryarsa mai kama da ta injin niƙa. Jan Biro ya fassara.

"Ya ce... ni mace ce mai tsohon ciki. Ƙafafuna sun kumbura, ba abin da nake sha'awa sai ƙanƙara, mijina kuma ya ce shagwaɓa ce."

Baba ya juya ya ƙare wa Ƙato kallo tun daga gemu har takalmi.

"Shi ne mai cikin?"

Ajin ya kwashe da dariya.

"Shi ne, Baba," in ji Dakta, ko murmushi ba ta yi ba. "Har sai ya gama karantawa."

Ƙato ya ci gaba har ya haihu lafiya, aka tafa masa. Sai wata siririyar yarinya da ko gaisuwa da ƙyar ake jin muryarta. Ita kuma tsohon ɗan dambe ce da haƙoransa suka zube, yana zaune yana tuna mutanen da ya kayar. Na saci kallon Baba, na ga ya gyara zama, ya jingina.

Na uku wani ɗan tsokana ne da ke zama a gaba. Jan Biro ya saurara, ya rufe ido kamar mai neman agaji, sannan ya ce, "Ni akuya ce. An ɗaure ni a bayan mota za a kai ni kasuwa, kuma wallahi ban yafe wa wanda ya sayar da ni ba, don ni na san sirrinsa..."

Kafaɗun Baba suka fara rawa. Ya dage, ya dage, abin ya fi ƙarfinsa, dariya ta ƙwace masa har da dukan gwiwa. Rabon da in ji dariyar nan tun safiyar da na miƙa masa mujalla.

Sai kuma ya tsagaita. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Malama, na gane. Ni ɗin naku riga ce, ana sawa ana cirewa." Ya juyo gare ni. "Amma wannan ƙaton bai ari ƙafar ubansa ya ba wa mugu ba. Ke me ya sa?"

Na miƙe. Ban shirya komai ba, abin da ke raina kawai ya fito.

"Baba, na zauna zan rubuta mugun uba, sai na rasa yadda yake. Ban taɓa ganinsa ba. Uba ɗaya na sani a duniya. Duk sanda na rubuta kalmar uba, kai kake shigowa, da tafiyarka, da gilashinka. In kore ka, ka dawo... in kore ka, ka dawo. Muguntar ce na ƙirƙira, don ban same ta a gida ba. Laifina ban nemi izininka ba, kuma ban zauna na karanta maka da bakina ba. Ka yafe mini, Baba!"

Dakta ta matso.

"Baba, wanda ya karanta maka, a ina ya tsaya?"

"Inda ta bi saurayi. Nan na karɓe."

"Ashe ba ka ji ƙarshen ba." Ta ɗauko mujalla a kan tebur ta miƙa mini. "Wannan ba ya buƙatar tafinta. Mai shi za ta fassara."

Na buɗe shafin ƙarshe. Haruffan suna ta rawa a cikin hawayena, amma na san su ko ido rufe.

"Yanzu ina wani gari mai nisa, a ɗakin da babu wanda ya san ni. Na ce muku na tsani ubana. Ƙarya nake yi. Har yau idan na ji ana jan ƙafa a bakin ƙofa, da gudu nake zuwa in buɗe."

Baba ya cire gilashinsa, ya kama gefen riga yana gogewa, ya daɗe yana gogewa, alhali ba gilashin ne ya jiƙe ba.

Dakta ta bari ya mayar da shi, sannan ta ce cikin raha, "Sai dai fa, Baba, dokar ajina ita ce duk wanda ya zauna sai ya yi aikin aji. Ko za ka gwada mana?"

Wasa take yi, kowa ya sani. Sai kawai muka ga Baba ya dafa kujera ya miƙe. Ya taka zuwa gaban allo, yana jan ƙafarsa yadda ya saba, ba ɓoyewa.

"Da Hausa zan yi. Yaron nan ya mayar muku da shi Turanci, tunda aikinsa ne." Ya yafito Jan Biro. "Matso kusa, ba na cizo."

Ya matso.

Baba ya dubi ajin, ya ce, "Ni yarinya ce."

Aka fashe da dariya da tafi. Jan Biro ya fassara.

"Ubana tsoho ne mai gyaran agogo. Yana da saurin fushi, yana da jinkirin fahimta. Ya hana ni makaranta a kan labarin da bai ji ƙarshensa ba."

Jan Biro ya juya shi Turanci. Dariyar ta fara raguwa.

"Amma gobe da safe zan dawo ajina. Zan zauna jarrabawata, kuma zan cinye ta, don ni ba ta wasa ba ce. Ni ce a shafin farko."

Na toshe bakina da hannu biyu. Ƙato ya buga tebur ya yi ihu.

Baba ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Ban gama ba. Kuma akwai wani yaro mai gilashi da nake so. Ya cika gyara, amma yana da kunya, an kore shi bai yi zuciya ba. Ubana ya ce ya je ya gaya wa iyayensa, ƙofa a buɗe take."

Jan Biro ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Mutumin da bai taɓa rasa abin cewa a kan rubutun kowa ba, ga shi tsaye kalma ɗaya ta gagare shi.

"Fassara mana," in ji Baba. "Ko Turancin ya ƙare?"

"Ya ƙare, Baba," ya ce, ya zube a gabansa ya kama hannunsa. "Wallahi ya ƙare!"

Ajin ya kaure da sowa har 'yan ajin da ke maƙwabtaka suka leƙo ta taga. Ni ban san sanda na isa gaban allo ba, sai ji na yi na durƙusa ina riƙe da rigar Baba ina kuka, shi kuma yana cewa, "Tashi, uwata, tashi, kada ki ba ni kunya a gaban 'yan ajinmu." Ya juya wajen Dakta. "Malama, na ci ko na faɗi?"

Dakta ta share idonta da bayan hannu. "Ka ci, Baba. Ka ma fi wasu da suka shekara a nan."

Na zauna jarrabawar, na kuma cinye ta kamar yadda yarinyar cikin labarin Baba ta yi alkawari. Jan Biro ya gama karatunsa, iyayensa suka zo, aka ɗaura mana aure ina shekarar ƙarshe. Ranar da zan bar gida, Umma na ta faɗa wai kukana zai ɓata kwalliyar da aka sha wahala a kanta, Baba ya rako ni har bakin mota. Ya riƙe hannuna, ya sunkuyo yadda babu mai ji sai ni.

"Uwata, idan za ki sake rubuta uba, ki ari duk abin da kike so a jikina, na ba ki. Abu ɗaya nake roƙo."

"Mene ne, Baba?"

"Ki bar shi ya yi gudu da ƙafafu lafiyayyu, ko sau ɗaya ne."